Adriano Panatta: Ɗan Mai Kula da Fili da Ya Zama Zakaran Tanis

Yawancinmu idan aka ambaci ƙasar Italiya a fagen wasanni, ƙwallon ƙafa ne ke fara faɗo mana a rai. Amma Italiyawa suna da gwanaye a wasan tanis ma. A wannan shafi muna so mu ba da tarihin ɗaya daga cikinsu, wato Adriano Panatta, wanda ya yi tashe a shekarun 1970, ya kuma daina wasa a 1983. Mun zaɓe shi ne domin a shekarar da ya fi yin nasara, sau biyu ya kai bakin faɗuwa tun ranar farko.

Yadda wasan yake

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mu yi ɗan bayani saboda waɗanda ba su saba da tanis ba. Mutum biyu ne suke tsayawa, raga tana tsakaninsu, kowa da raket a hannu, suna buga wa juna ƙaramar ƙwallo. Wanda ya kasa mayar da ita cikin layi ya rasa maki. Maki ne suke taruwa su zama ƙaramin wasa, wanda kuma ya fara cin ƙananan wasanni 6 da ratar 2 ya ci turmi ɗaya. A manyan gasa maza sukan yi har turmi 5, mai cin 3 shi ne da nasara. Ba a yin wasan da agogo. Ko an bar mutum a baya ƙwarai, lokaci ba zai ƙare masa ba, dole sai abokin karawarsa ya ci maki na ƙarshe da kansa. Idan saura maki ɗaya tak mutum ya gama da abokin karawarsa, a nan za mu kira wannan makin kammalawa. Mu riƙe wannan, gama shi ne zuciyar labarin.

Filayen tanis kuma iri-iri ne. Akwai na ciyawa kamar na Wimbledon a Ingila, akwai na daɓe mai tauri, akwai kuma na jar ƙasa, wanda ake shimfiɗa masa garin bulo da aka niƙa. A jar ƙasa ƙwallo takan rage gudu ta tashi sama, don haka masu haƙurin tsayawa baya su yi ta mayar da bugu su suka fi jin daɗinsa.

Asalinsa

An haifi Panatta a birnin Roma ran 9 ga Yuli, 1950. A lokacin nan tanis wasan masu hali ne. Mahaifinsa ba attajiri ba ne, shi ne mai kula da filayen wani kulob mai suna Parioli. Saboda aikin uban ne yaron ya tashi a bakin fili, yana ganin manya suna wasa, har ya fara bugawa. Da aka ga yana da baiwa sai aka kai shi wurin horo na garin Formia, a hannun wani malamin wasa mai tsanani, Mario Belardinelli.

A 1970, yana da shekara 20, ya ka da Nicola Pietrangeli a wasan ƙarshe na gasar ƙasar Italiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Pietrangeli ya ci babbar gasar Faransa sau biyu, a 1959 da 1960. Daga nan jama'a suka gane cewa magaji ya iso. Duk da haka sai da ya yi jira. Ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Faransa a 1973 da 1975, amma kofin bai zo ba.

Shekarar 1976

A watan Mayu na 1976 aka buɗe gasar Italiya a Roma, a gaban mutanen garinsu. A zagaye na farko ya haɗu da Kim Warwick na Ostireliya. Wasa ya ƙi masa, har Warwick ya sami makin kammalawa. Panatta ya hana shi. Ya sāke samu, ya sāke hana shi. Haka aka yi har sau 11. Ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya kuskure, da ya tattara kayansa ya tafi gida. Daga bisani shi ne ya ci wasan, ya yi ta wucewa har ya doke Guillermo Vilas na Ajantina a wasan ƙarshe ya ɗauki kofin.

Bayan 'yan kwanaki ya isa Paris domin gasar Faransa, ɗaya daga cikin manyan gasa 4 na duniya. A zagaye na farko kuma sai abin ya maimaita kansa. Pavel Hutka na Cakoslobakiya ya sami makin kammalawa a turmi na biyar. Panatta ya yi tsalle ya zube ƙasa ya tare ƙwallon a gaban raga, ya kuma ci turmin da 12 da 10. Ya ci gaba har ya kai ga Björn Borg na Suwidin, wanda ya ci kofin a 1974 da 1975, ya fitar da shi. Sa'an nan ya ka da Ba'amurke Eddie Dibbs, a wasan ƙarshe kuma ya doke wani Ba'amurken, Harold Solomon, da turmi 3 da 1. A watan Agusta na shekarar ya kai matsayi na 4 a duniya, mafi girma da ya taɓa kaiwa.

Batun Borg yana bukatar ƙarin bayani. Borg ya ci gasar Faransa sau 6, kuma a duk rayuwarsa sau biyu kawai aka ka da shi a can, a 1973 da 1976. Duka biyun Panatta ne. Me ya sa? Sauran 'yan wasa sukan tsaya baya su gwada haƙuri da Borg, shi kuwa nan ne ƙarfinsa yake. Panatta bai bi shi wannan hanya ba. Yakan ruga gaban raga ya tare ƙwallo tun ba ta taɓa ƙasa ba, ko ya sake ta a hankali ta faɗi dab da raga, dole Borg ya baro wurin da ya saba. Ya san inda ƙarfinsa yake, ya kuma ja abokin karawarsa zuwa can.

Jar riga a Santiyago

A ƙarshen shekarar wata gwaji ta daban ta zo. Italiya ta kai wasan ƙarshe na Kofin Davis, wato gasar da ƙasashe suke yi da juna, kuma a ƙasar Chile za a yi. Tun 1973 soja suke mulkin Chile a ƙarƙashin Janar Pinochet, an kashe mutane da yawa, waɗansu sun ɓace. Babban filin wasa na Santiyago ma an taɓa tsare fursunoni a cikinsa. Tarayyar Sobiyet ta riga ta ƙi karawa da Chile. A Italiya aka yi ta gardama da zanga-zanga: waɗansu suka ce zuwa can goyon bayan zalunci ne, waɗansu suka ce ƙin zuwa kyautar da kofi ne ga azzalumi.

Daga baya aka tafi, Pietrangeli yana shugabantar ƙungiyar. A wasan 'yan biyu-biyu, Panatta da abokinsa Paolo Bertolucci suka fito da jajayen riguna, alamar cewa ba su yarda da mulkin ba. Suka ci wasan. Tare da Corrado Barazzutti da Tonino Zugarelli, Italiya ta gama da ci 4 da 1 a watan Disamba, ta ɗauki Kofin Davis karo na farko a tarihinta. Ko zuwan nasu daidai ne, wannan tambaya ce da ɗalibai za su iya yin muhawara a kanta.

Bayan tashe

Panatta bai sāke ganin shekara irin wannan ba. Italiya ta kai wasan ƙarshe na Kofin Davis a 1977, 1979 da 1980, duka aka cinye ta. A Wimbledon bai wuce zagayen mutum 8 na ƙarshe ba, inda ya kai a 1979. Ya gama da kofuna 10 a wasan ɗai-ɗai. Bayan ya yi ritaya ya shugabanci ƙungiyar Italiya ta Kofin Davis daga 1984 zuwa 1997, ya kuma shiga tseren jiragen ruwa masu inji. A 2016, shekara 40 bayan nasararsa, shi aka gayyata ya miƙa wa Novak Djokovic kofin gasar Faransa.

Tsawon jiran da Italiya ta yi shi ne ya nuna girman abin da ya yi. Sai bayan shekara 47, a 2023, ta sāke cin Kofin Davis. Babu namijin Italiya da ya ci ɗaya daga cikin manyan gasa 4 bayansa sai Jannik Sinner a Ostireliya a 2024. Sinner ɗin nan kuwa, a wasan ƙarshe na gasar Faransa a 2025, ya sami makin kammalawa sau 3 a kan Carlos Alcaraz na Sifen, amma Alcaraz ya hana shi ya ɗauke kofin.

Abin da za mu ɗauka

Bai kamata mu ce ƙoƙari kaɗai ne ya ceci Panatta ba. Da ƙwallo ɗaya ta ɗan karkace, da labarin ya zama daban. Amma wanda bai horu ba ba zai iya hana makin kammalawa sau 11 ba, wanda ya riga ya karaya kuma ba zai ko gwada ba. A cikinmu akwai waɗanda zangon karatu na farko ya yi musu nauyi, akwai kuma waɗanda suke gaba suna ganin sun riga sun gama. Ga na farko muna cewa kada su ajiye raket, ga na biyu kuma kada su saki jiki, gama ba a gama wasa sai an ci maki na ƙarshe.