Kalmar "Ambition": Yabo Ce ko Zargi?



A bana mu 'yan ajin ƙarshe mun sha gardama a kan kalma guda. Wata 'yar ajinmu ta ce likita take son zama, sai wani ya ce mata da Turanci "you are too ambitious". Ita dai murna ta yi, wasu kuwa suka ce ai gatse ya yi mata. Shi ya sa muka bi diddigin kalmar.

"Ambition" suna ne, ma'anarsa buri, wato abin da mutum ya sa a gaba yana son cimmawa. "Ambitious" kuma sifa ce, mai buri ke nan. Saboda haka kuskure ne ka ce "I am ambition", kamar ka ce "ni buri ne". Sai dai ka ce "I am ambitious", ko "my ambition is to become a doctor". A lura da "to" ɗin nan, kada a manta da shi a jarrabawa.

Asalin kalmar daga Latin ne, "ambire", wato zagayawa. A tsohuwar Rum, 'yan takara kan zagaya gari suna roƙon ƙuri'a, daga nan aka laƙa wa son mulki wannan suna. Ta shiga Turanci ta hanyar Faransanci, kuma ta daɗe tana nufin kwaɗayin girma. Ko a wasan Shakespeare na Julius Caesar, da wannan laifi Brutus ya kafa hujjar kashe Kaisar.

Yau kam yawanci yabo ce. Amma fa in aka sa mata "too" a gaba, ta koma zargi: burinka ya wuce ƙarfinka. Ka ga ashe masu cewa gatse ne sun fi gaskiya.

Mu ma a Hausa muna da wannan bambanci. Mai himma yabonsa ake yi, don himma ba ta ga rago. Mai dogon buri kuwa jan kunnensa ake yi, tunda kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

To, 'yar'uwarmu, yanzu kin san abin da ya faɗa. Ba dole ne ki yarda ba. Likitocin da ke duba iyayenmu a asibiti su ma daga aji irin namu suka fara. Ki riƙe karatunki.

Allah Ya cika mana burinmu na alheri, amin.