Alƙaluman Steam da Hukuncin Gaggawa a Kan Wasannin Intanet

A watan Janairu na 2024 wasan Palworld, wanda kamfanin Pocketpair na ƙasar Japan ya fitar, ya tara mutum fiye da miliyan 2 suna buga shi a lokaci guda a kasuwar Steam, amma kafin a yi wata biyu adadin ya sauko ƙwarai, masu sharhi kuwa ba su yi wata-wata ba suka yanke cewa wasan ya mutu. Wannan hukunci, a nawa ganin, rashin adalci ne da aka gina bisa jahiltar abin da ake ƙidayawa, kuma tun da ya zama al'adar da ake bi da kowane sabon wasa, ya wajaba a bi diddigin sababinsa.

Babban sababin shi ne ƙarancin hujja a hannun jama'a. Kamfanoni sun san adadin masu sayen wasanninsu, amma ba sa bayyana shi sai ranar da zai ƙara musu daraja. Blizzard, alal misali, wanda ya yi shelar cewa masu biyan kuɗin World of Warcraft sun kai miliyan 12 a 2010, ya daina faɗin adadin a 2015 bayan ya sauko zuwa miliyan 5.5. Sony da Microsoft da Nintendo ba sa nuna yawan masu buga kowane wasa a kan na'urorinsu, alhali kamfanin Valve, mai kasuwar Steam, ya bar alƙalumanta a fili, shafin SteamDB kuma yana tattara su dare da rana. Da yake wannan kaɗai ne adadin da kowa ke iya gani kyauta, sai aka ɗora masa nauyin da bai iya ɗauka, tamkar alƙalin da ya sami shaida guda ya zartar da hukunci a kansa don sauran shaidun sun ƙi halarta.

Shaidan nan kuwa abin da ya gani taƙaitacce ne, domin yana ƙirga waɗanda suka buɗe wasa a kwamfuta, ta hanyar Steam, a lokaci guda. Saboda haka wasan da masoyansa suka taru a ƙasa guda yakan fi wanda masoyansa suka warwatsu a duniya tsawon adadi, kamar Black Myth: Wukong da ya kai miliyan 2.4 a Agustan 2024, galibi daga Sin, ƙasar da ke bin agogo ɗaya duk faɗinta. Fortnite da Minecraft da League of Legends ba sa cikin Steam ɗungurungum. Haka nan Free Fire, wanda samarinmu ke bugawa a waya daga Kano har Damagaram, wanda kuma masu shi suka ce ya haura mutum miliyan 150 a yini a 2021, ba shi da ko ɗaya a wannan lissafi. Daɗin daɗawa, ba duk abin da aka ƙirga ne ɗan Adam ba: wasan Banana, wanda ba a yin komai a cikinsa sai latsa hoton ayaba, ya haura dubu 900 a Yunin 2024, da yawansu asusun bogi ne da kwamfuta ke sarrafawa don tara kayan sayarwa, kuma Amazon ya rufe irin waɗannan asusu fiye da miliyan ɗaya a wasan Lost Ark a 2022.

Illar wannan ƙiyasi iri biyu ce. Ta farko, idan aka yayata cewa wasa ya mutu, mai niyyar saye yakan janye, adadin ya ƙara faɗuwa, zato ya haifar da abin da ya zata. Ta biyu, wadda ta fi muni, masu ƙirƙira sun fahimci cewa da wannan mizani za a auna su, sai suka karkata ga dabarun tsare mutum, irin su kyautar kullum da ladan da ke ƙarewa in ba a shiga ba, maimakon labari mai farko da ƙarshe wanda mutum zai kammala ya tashi da gamsuwa. Wanda ke biyan wannan farashi da lokacinsa shi ne yaron da ke riƙe da na'urar.

Gaskiya ne akwai inda adadin yake faɗin haƙiƙa. Concord na Sony, da ya fito a Agustan 2024, bai wuce mutum 697 a lokaci guda a Steam ba, kuma cikin mako biyu aka rufe shi aka mayar wa jama'a kuɗinsu, domin wasan da ba ya yiwuwa sai da abokan karawa, ƙarancin mutane ajalinsa ne. Sai dai wannan hukunci na nau'i guda ne, bai halatta a shimfiɗa shi a kan dukan wasanni ba.

Bisa ga haka, duk wanda aka kawo masa adadi, ya tambaya wa aka ƙirga, a wace na'ura, a wace sa'a, wasan kuma wane iri ne, sa'an nan ya dubi yadda adadin ya zauna bayan wata shida. Masu sharhi kuwa, ƙarfin da suke ɓatarwa wajen shelar mutuwar wasanni, ya fi dacewa su juya shi ga matsa wa kamfanoni su bayyana alƙaluman da suke ɓoyewa.