Canja Batirin Tsohuwar Tarakta

Jama'a, bazara ta kawo jiki, hadari ya fara tasowa daga gabas. Yanzu ne masu tarakta a ƙasar Ƙaraye da Rogo su ke jawo ta daga gindin itacen da ta yi rani, a kakkaɓe ƙura, a zuba man gas, a murɗa mabuɗi. To, sau da yawa abin da a ke ji shi ne ƙyas, sa'an nan shiru. Daga nan sai a ce batir ya mutu, a tura yaro Kano ya sayo wani. A kan wannan sayayya da ɗaurin da ke biye da ita na ke so mu yi magana yau, gama na ga inda kuskuren minti biyar ya cinye wa mutum kwanakin shuka.

Wata damuna an kira ni wani ƙauye a ƙasar Rogo. Mai gidan yana da tsohuwar Massey Ferguson wadda ta girmi direbanta, batura biyu ne a jikinta. Shi kuwa direban yaro ne mai ƙwazo, ya yi shekaru yana bin babbar motar da ke kai masara Dawanau. Ya cire baturan ya kai caji, ya dawo ya ɗaura su kamar yadda ya saba gani a babbar mota. Da ya murɗa mabuɗi sai kik, watau abin nan da ke juya injin ya tashi, ya yi wani irin gudu kamar zai fita daga mazauninsa. Fitilu duka suka ƙone, abin caji ya ƙone, a karo na uku shi kansa kik ɗin ya yi hayaƙi. A daren nan aka yi ruwan shuka. Mutanen da suka ba da kafin alƙalami don a yi musu haro suka yi ta zuwa ƙofar gida, waɗansu suka karɓi kuɗinsu suka nemi wata tantan. Kwana tara tarakta na tsaye.

Mai gidan ya ce mini, "Malam, ai batura biyun nan dai su ne, wayoyin nan ma su ne. Me ya sake?" Na ce, "Alhaji, ɗaurin ne ya sake."

Ga bayanin. Ƙarfin turin wutar batir da bolt a ke auna shi. Kowane ɗaki a cikin batir yana ba da wajen bolt 2. Mai ɗaki uku bolt 6 ke nan, mai ɗaki shida bolt 12. In batir mai murafu ne, ko wanda bai yi makaranta ba ya iya ƙirga su ya sani. Akwai kuma ma'auni na biyu, watau yawan wutar da batir ke iya riƙewa, shi ne lambar nan da 'yan kasuwa ke faɗa, mai 60, mai 75, mai 100. Na farko kamar ƙarfin turin ruwa ne a famfo, na biyu kamar girman randa.

Batura biyu kuwa iri biyu a ke ɗaure su. Akwai ɗaurin jeri, kamar raƙuman da aka ɗaura akalar na baya a jikin na gaba. A nan gajeriyar waya ɗaya ce ke tashi daga kan da ke da alamar tarawa na wannan batir, ta sauka a kan da ke da alamar ɗebewa na wancan. In an yi haka bolt ne ke haɗuwa, 6 da 6 su zama 12, 12 da 12 su zama 24, amma girman randa yana nan yadda ya ke. Akwai kuma ɗaurin karkiya, kamar shanun huɗa kafaɗa da kafaɗa. Tarawa da tarawa, ɗebewa da ɗebewa. A nan bolt ba ya ƙaruwa, randa ce ta ninka. Manyan motocin kaya da yawa bolt 24 su ke aiki da shi, shi ya sa batura biyunsu ke jeri. Tarakta ta Alhaji kuwa ta bolt 12 ce, baturanta biyu masu 12 a karkiya su ke. Yaro ya mai da su jeri, ya aika wa kayan wutarta ninkin abin da za su iya ɗauka.

Wani zai ce, me ya kawo batura biyu a tarakta tun asali? Injin gas ba shi da fulogi. Iska ya ke matsewa, sau goma sha shida ko fiye, har ta yi zafin da zai kunna man da aka fesa mata. Juya irin wannan inji aiki ne mai nauyi, kik yana zuƙar wuta ɗari-ɗari na amfiya a cikin 'yan daƙiƙun nan. A shekarun 1950 batir guda mai wannan ƙarfi ya yi girma ya yi nauyi ainun, sabo da haka masu ƙira suka raba shi biyu. Ferguson mai aiki da gas da aka fito da ita a Ingila a 1951 batura biyu masu bolt 6 gare ta a jeri, haka kuma Massey Ferguson 35 da ta biyo bayanta. Da aka zo kan 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, sai aka koma batir ɗaya mai bolt 12. Fiat ɗin da aka riƙa harhaɗawa a Kano da Steyr ta Bauchi, waɗanda har yanzu a kan ga tsofaffinsu a gonakinmu, mafi yawansu su ma bolt 12 ne. Amma fa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. John Deere 4020 mai gas da aka ƙera a Amurka kafin 1969 bolt 24 ce. Don haka kada a yi da ka. A goge jikin kik da tsumma, yawanci akwai ɗan ƙarfe ko rubutun da ya nuna 12 ne ko 24. Abin da aka gani a nan shi za a bi, ba abin da aka gani a tarakta maƙwabciya ba.

To, ga tarakta mai bolt 12 wadda ke da mazaunin batir biyu, me ya fi? Ni dai a ganina, batir ɗaya babba mai bolt 12 ya fi. Mai bolt 6 ya yi wuyar samu yanzu, ko an zagaya Ƙofar Ruwa. Batir ɗaya kawuna biyu kaɗai gare shi da za su yi tsatsa maimakon huɗu, kuma babu yadda yaro zai rikita jeri da karkiya. Sai dai a lura da lissafi. In tsofaffin biyu masu bolt 6 ne kowane mai 100, to a jeri 100 su ke bayarwa, ba 200 ba, sabon ma mai wajen 100 za a nema. Ga injin mai silinda uku ko huɗu ban so a yi ƙasa da 90 ba. Batirin ƙaramar mota mai 45 ko 60 zai ta da ita da rana tsaka in inji na da ɗumi, har mutum ya ce ya ci riba. Bari dai hunturu ya zo, a tashi da asuba za a ɗauko rake ko a yi casar masara, nan ne za a ga an koma neman masu turi. Na ga kuma waɗansu suna ɗauko batirin sola daga ɗaki. Shi wannan an yi shi ne ya ba da wuta kaɗan-kaɗan dare guda, ba ya jure fizgar kik, ba ya daɗewa zai lalace.

In mazaunin ya yi ƙanƙanta, babban batir ba ya shiga, a iya sa biyu masu 12 a karkiya, amma lalle su zama iri ɗaya, girma ɗaya, an saye su rana ɗaya. In aka haɗa tsoho da sabo, tsohon zai riƙa shan wutar sabon cikin dare har su mutu tare. Ko kuwa a sa mai walda ya yi sabon mazauni kusa da kik, nesa da zafin salansa, da ƙarfen da zai danne batir. Batirin da aka ɗaure da tsumma ko robar taya yana tsalle a kan kunya, farantan cikinsa su zube tun bai cika shekara ba.

Sauran magana ita ce wadda ta fi ɓoyuwa. Ɗaya daga kawunan batir a jikin ƙarfen tarakta a ke ɗaure wayarsa, ita mu ke kira wayar jiki. A motocin yanzu kan ɗebewa ne ke zuwa jiki. Amma tsofaffin taraktocin Ingila da yawa, har da 35, kan tarawa ne ke zuwa jiki, kuma dinamo ke yi musu caji. Yawancinsu an riga an cire dinamon an sa altaneta, irin ta mota. Ita altaneta ta kasuwa kan ɗebewa ta ke so a jiki, in aka juya mata kawuna ko na ƙiftawar ido ne ta ƙone. Dinamo ya fi haƙuri, yana karɓar kowane, amma in an sake masa ɓangare sai mai wayarin ya taɓa masa wuta a ƙaramin kansa mai harafin F kafin a ta da inji, a kuma musanya wayoyin agogon caji, in ba haka ba allura za ta riƙa nuna akasin gaskiya. Sabo da haka tun ba a kwance kome ba, a duba wane kai ne ke jiki, a ɗauki hotonsa da waya ko a sa alama da fenti. Kada a dogara da launin waya, gama a tsohuwar tarakta an sha sake su. Kan tarawa ya fi na ɗebewa kauri kaɗan, wannan ba ya ƙarya.

Zancen waya kuwa, a nan na ke yawan faɗa da direbobi. Cikin taraktocin da aka ce mini batirinsu ya mutu, da dama lafiyarsa lau, waya ce ta ci amana. Wayar kik ta zama mai kauri kamar ɗan yatsa, ta jan ƙarfe zalla, gajeriya gwargwadon hali. Siririya ko wadda aka yi wa ƙari tana cinye wutar a hanya. Ga gwaji mai sauƙi: bayan an murɗa mabuɗi inji ya ƙi tashi, a taɓa kawunan batir da wayoyin a hankali, inda aka ji zafi nan ɓarnar ta ke. Kan da ya yi sako-sako ba a buga masa ƙusa a cike, sabo a ke sawa. Farin garin da ke taruwa a kai a wanke shi da ruwan zafi, a kankare har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure, sa'an nan a shafa giris a waje. Inda wayar jiki ta kama tarakta shi ma a kankare fenti da tsatsa.

Wajen kwancewa, wayar jiki a ke fara cirewa, wajen ɗaurawa kuma ita ce ta ƙarshe. Dalili, in tana ɗaure sifana ya taɓa ɗaya kan da jikin tarakta a lokaci guda, wutar da za ta tashi tana iya narkar da ƙarfe. Batir kuma yana fid da wata iska mai kama wuta, musamman in daga caji ya fito, don haka mai shan taba ya matsa can. In ruwansa ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa a nufi asibiti. Wata al'ada kuma da na ke roƙo a bari, ita ce cire kan batir inji na aiki wai don a ga ko yana caji. Wannan kashe altaneta ya ke yi. Ƙaramin agogon awon wuta ba shi da tsada, kowane mai cajin batir a Ƙaraye ko Rogo ya kamata ya mallake shi. Batir cikakke da ya huta yana nuna 12.6, in ya nuna 12.2 ya kai rabi. In inji na aiki kuwa a ga tsakanin 13.8 da 14.4, in bai kai ba, to ko an sayo sabon batir kwana kaɗan zai yi ya kwanta.

Kada kuma a riƙe mabuɗi fiye da daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar. A saki, a ba kik minti guda ya huce. In sau uku bai tashi ba a koma wajen mai, watakila iska ce ta shiga bututu ko matata ta toshe.

Shi dai Alhaji, da aka gyara kik aka sayo altaneta, batir ɗaya mai 100 muka sa masa, muka cire wayoyin da suka yi saura don kada su ruɗi wani. Mazauni na biyu ya zama wurin ajiye sifanu. Direban ma bai kore shi ba, shi ne da kansa ya nemo jan fenti ya zana alamar tarawa a jikin mazaunin, daidai inda kan zai fuskanta. Mako mai zuwa in Allah ya yarda za mu duba matatar mai da yadda a ke fid da iska daga famfon gas.