Windows 11: Ƙorafin Sabo da Ƙorafin Aljihu

A ranar 24 ga Yuni, 2021 kamfanin Microsoft ya sanar da fitowar Windows 11, ya kuma sake ta ga jama'a ranar 5 ga Oktoba na shekarar. Tun kafin ta iso hannun mutane surutu ya tashi. Wasu ma mamaki suka fara yi, domin a 2015 wani ma'aikacin kamfanin ya taɓa cewa Windows 10 ce ta ƙarshe, sai dai a riƙa yi mata gyare-gyare. Ashe da sauran rina a kaba.

Windows ita ce uwar manhajojin kwamfuta. Ita ke haɗa allo da madannai da linzami da ma'ajiya, a kanta kuma sauran manhajoji irin su Word da Excel suke zaune. Shi ya sa idan an taɓa ta, kowa ke ji a jikinsa, daga akawun ofis har mai shagon buga takardu.

Ƙorafin farko na sabo ne. Madannin Start, wanda tun Windows 95 yake kusurwar hagu ta ƙasan allo, sai ga shi a tsakiya. Layin ƙasan allo da a da ake iya mayar da shi sama ko gefe, aka kafe shi wuri guda. Idan ka danna linzami ta dama, jerin umarnin da ka saba gani ya gajarce, sai ka sake dannawa kafin sauran su fito. Hatta jan fayil a ajiye shi kan wannan layi an cire, sai a 2022 aka dawo da shi bayan mutane sun yi ta guna-guni. Kamar matar gida ce ta dawo daga unguwa ta tarar an sauya wa tukwanenta wuri: babu abin da ya ɓata, amma hannu na ta kaiwa inda babu komai.

Irin wannan kuka ba sabo ba ne, kuma wani lokaci yana cin nasara. A Oktoban 2012 Windows 8 ta fito babu madannin Start ɗungurungum, an maye gurbinsa da manyan akwatuna masu launi da aka tsara domin allon taɓawa. Masu kwamfutar tebur suka yi ca a kan kamfanin. Bayan 'yan makonni Steven Sinofsky, shugaban sashen Windows, ya bar aiki. A 2013 Windows 8.1 ta dawo da madannin, a 2015 kuma Windows 10 ta dawo da jerinsa gaba ɗaya. A Windows 11 ma madannin da ke tsakiya ana iya mayar da shi hagu cikin daƙiƙu kaɗan. A ganina wannan ɓangaren ƙorafin bai cancanci rabin hayaniyar da aka yi a kansa ba.

Ƙorafi na biyu shi ne mai nauyi, domin shi aljihu ya taɓa. Microsoft ya gindaya sharuɗɗa: dole kwamfuta ta kasance tana da TPM 2.0, wato ɓangaren tsaro da ke adana makullan sirri ta yadda ɓarayin intanet ba za su kai gare su cikin sauƙi ba; dole ƙwaƙwalwarta ta kasance daga zubi na 8 na Intel zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017, ko Ryzen 2000 na AMD zuwa sama. Mutum na zaune da kwamfutarsa mai shekara huɗu ko biyar, tana aiki lafiya lau, sai manhajar gwajin da kamfanin ya fitar ta ce masa ba ta cancanta ba, ba tare da ta faɗi dalili ba. Abin ya jawo fushi har aka janye manhajar na wani lokaci domin a gyara ta. Wani abin haushin shi ne kwamfutoci da dama suna da TPM ɗin, a kashe kawai yake a cikin saitin na'urar, mai ita bai sani ba. Aka kuma ƙara da cewa sai da intanet da asusun Microsoft za a kammala ɗora samfurin Windows 11 na gida.

Hujjar kamfanin ba ta banza ba ce. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutocin da ba a sabunta ba a ƙasashe da yawa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Tsaro gaskiya ne. Sai dai wanda ya yanke sharaɗin ba shi ne zai biya kuɗin sabuwar kwamfuta ba, kuma mutane suka nuna ra'ayinsu ta hanyar zama inda suke. Bisa ƙididdigar StatCounter, sai a tsakiyar 2025 masu amfani da Windows 11 suka zarce na Windows 10, kusan shekara huɗu bayan fitowarta.

A nan ne lamarin ya shigo gidanmu. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, in ban da ƙarin wa'adi ga waɗanda suka shiga wani shiri na musamman. Kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama saboda wannan dalili ba ɓacewa suke yi ba. Da yawansu kan zama kayan kwance, kuma kasuwanninmu, daga Ikeja har Kano, sun daɗe suna rayuwa a kan irin wannan kaya. Ɗalibi zai tara kuɗi ya sayi laftof mai kyan gani da arha, mai shago ya ɗora masa Windows 11 ta bayan gida, domin akwai dabarun tsallake sharuɗɗan. Za ta yi aiki, amma kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai yi alkawarin ci gaba da aika wa irin wannan kwamfuta gyara ba.

Wanda tsohuwar kwamfutarsa ke da rai ba dole ne ya jefar da ita ba. Linux Mint ko Ubuntu kyauta ne, kuma sun isa rubutu da lissafi da shiga intanet. Wanda kuma zai saya, ya dubi lambar ƙwaƙwalwar kafin ya miƙa kuɗi. Idan an rubuta i5-8250U, lambar farko bayan layin ta nuna zubi na 8 ne, ta tsallake. Idan i5-6300U ce, zubi na 6 ne, kuma duk daɗin bakin mai shago Windows 11 ba ta yarda da ita ba. A nemi ragi sosai, ko a ƙara gaba.