Megafiksal 200 da Hoton RAW: Ina Gaskiya, Ina Talla?

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, da wuya a gama ciniki mai saye bai tambayi megafiksal nawa kyamarar take da shi ba. Magana ta bazu cewa yawan megafiksal shi ne kyan hoto, kuma wannan ba gaskiya ba ne.

Megafiksal ƙidaya ce ta ɗigogin da ke kan sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a bayan gilashin kyamara. Samsung Galaxy S23 Ultra, wadda ta fito a 2023, tana da 200. Kyamarar Sony A7S III ta 2020 kuwa 12 kacal gare ta, amma ita masu shirya fina-finai ke nema idan aiki ya kama cikin dare. Farantinta milimita 36 ne a tsawo, 24 a faɗi, ya ninka na wayar fiye da sau goma, don haka haske mai yawa yake kwasa. Ita kanta wayar, idan ba a canza mata saiti ba, haɗe ɗigo 16 take yi su zama ɗaya, sai ta fitar da hoto mai megafiksal wajen 12. Yawan ɗigo yana da ranarsa: ga wanda zai buga babban allon talla, ko zai yanko fuska ɗaya daga cikin taron biki, matuƙar akwai wadataccen haske.

Masu ɗaukar hoton biki su ma suna da tasu maganar: wai RAW hoto ne tsantsa wanda kyamara ba ta taɓa ba. Rabinta gaskiya ne. Sensa ba ta ganin launi, ƙarfin haske kawai take aunawa. Bryce Bayer na kamfanin Kodak, wanda ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1976, shi ya tsara matatar launi da ake ɗora wa ɗigogin: rabi kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Sauran launukan kowane ɗigo da lissafi ake cike su. Idan aka zaɓi JPEG, kyamara ce ke yin lissafin, ta daidaita launi, ta matse fayil ɗin zuwa matakin haske 256 a kowane launi. RAW kuwa yakan riƙe 4,096 ko 16,384. JPEG miya ce da aka sauke, gishirin da ya yi yawa ba ya ciruwa. RAW kayan miya ne da ke jiran mai girki. Shi ya sa ake iya dawo da zanen aikin farar shaddar ango da rana ta ɗan haske.

Sai dai cewa ba a taɓa RAW ba, wannan kuskure ne. Masu ɗaukar hoton taurari sun koka a 2016 da suka ga wasu kyamarorin Sony suna goge ƙananan taurari daga RAW, suna zaton datti ne. ProRAW na Apple, wanda ya zo da iPhone 12 Pro a 2020, an riga an haɗa hotuna da dama an sarrafa su kafin a adana shi. Hatta hoton da ke bayyana a allon kyamara ƙaramin JPEG ne da aka saka cikin fayil ɗin. Kuma RAW ba ya gyara hoton da hannu ya girgiza ko wanda saitin ido ya kuskure.

Zancen cewa waya tana gyara hoto da kanta gaskiya ne. A 2023 an nuna wa wayar Samsung dusasshen hoton wata a allon kwamfuta, ta fito da shi da ramukan da babu su a ciki. Kamfanin Transsion mai Tecno da Infinix da Itel kuwa da gangan ya daidaita lissafin kyamarorinsa don baƙar fata ta fito sosai, kuma wannan gyara ne mai amfani.

Mai shirin sayen waya ya ɗauki hoton mutum da ita a cikin inuwar shago, ya buɗa fuskar da yatsa biyu ya duba da kyau kafin ya biya.