Gyaran Difarenshal na Mota

In 'yan makaranta suna fareti, suka zo kwana, yaron da ke gefen waje yakan faɗaɗa taku, na ciki kuwa ya rage nasa, domin layi ya tsaya daidai. Haka ƙafafun mota na baya suke. Abin da ke ba su damar yin haka shi ne wani akwati mai kama da tulu a tsakiyar aksul na baya, wanda ake kira difarenshal. Manyan motoci da akori-kura duk suna da shi. A cikinsa akwai babban faifan ƙarfe mai haƙora, da ƙaramin da ke juya shi. Ƙarfin inji yakan biyo ta furofela ya shiga nan, kana a raba wa ƙafafun biyu.

In ya fara lalacewa, direba yakan ji kuka daga baya, ko ya ga mai yana ɗiga. Wanda ya ƙyale shi, wata rana haƙoran za su kakkarye, ƙafafun su cije ana tsakar gudu.

Makanike ba ya fara aiki sai ya tsai da motar a wuri mai baje, ya tokare ƙafafun gaba. Sa'an nan ya ɗaga bayanta da jak, ya tallafe ta da ƙarafa masu ƙarfi. Jak kaɗai ba abin amincewa ba ne, gama yakan zame, motar ta danne wanda ke ƙarƙashi.

Daga nan sai ya tsiyaye tsohon mai, ya murza shi tsakanin yatsu. In ya ji ɓarɓashin ƙarfe, ya san haƙori ko boris ya cinye. Kafin ya kwance kome yakan yi masa alama, don kowane ya koma mazauninsa. Sai ya wanke su da kananzir, ya dudduba. In babban faifan ya lalace, tare da ƙaramin ake sake su, domin tun daga masana'anta aka goga su da juna.

Wurin harhaɗawa ne ake gane gwani. Tilas a bar ɗan sarari tsakanin haƙoran, kamar kaurin takarda ɗaya ko biyu. In sun matse za su yi zafi su cinye juna, in sun yi sako-sako za su riƙa ƙara. Makanike yakan shafa wa haƙoran launi, ya juya faifan da hannu, ya duba inda launin ya goge. Ana so ya goge a tsakiyar haƙori. In ya karkata, sai ya ƙara ko ya rage siraran ƙarafan da ke bayan boris, ya sāke gwadawa, ko da sau biyar ne.

Bayan an rufe, sai a zuba man giya mai kauri, irin mai lamba 90, ba baƙin man inji ba, har ya kawo bakin kafar zubawa. Sa'an nan a fita da motar a hankali, makanike yana kasa kunne.