Iyali da Lafiyar Yara a Lokacin Annoba: Misalin Sanƙarau a Ƙasar Matameye

0. Gabatarwa

Duk lokacin da aka yi maganar yaƙi da annoba, abin da ke fara zuwa wa mutane a rai shi ne allurar rigakafi, da magunguna, da ma'aikatan lafiya. Waɗannan duka wajibi ne. Amma kafin yaro ya isa hannun malamin likita, akwai sa'o'in da yake yi a ɗakin uwarsa, kuma a cikinsu ne ake yanke shawarwarin da kan raba rai da mutuwa: wane irin ciwo ne wannan, wa zai ba da izinin fita, da wane kuɗi za a tafi. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna, ta hanyar misalin sanƙarau a gundumar lafiya ta Matameye, cewa ba a iya tsare lafiyar yaro a lokacin annoba in ba a tallafi gidan da yake ciki ba. Za mu fara da wuri da yanayin cutar, sa'an nan tarihinta a taƙaice, kana mu dubi abin da ke faruwa a cikin gida.

1. Wuri da lokaci

Matameye ita ce cibiyar gundumar Kance, a kudu maso yammacin birnin Zinder, kan hanyar da ta nufi Daura da Kano. Ƙidayar 2012 ta sami kusan mutum 400,000 a gundumar, wadda tana cikin yankuna mafi cunkoson jama'a a karkarar Nijar. Gonaki sun ƙanƙance saboda rabon gado, ta yadda a gidaje da yawa hatsin da aka girbe ba ya kai wa ga wata damina. Saboda haka da zarar an gama kaka, maza da dama sukan tafi cin rani Najeriya, wasu mata kuma sukan nufi arewa har Aljeriya da ƴaƴansu. Mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoba na 2013, galibinsu mata ne da yara, kuma mafi yawansu daga wannan yanki suka fito.

Wannan bayani yana da muhimmanci saboda sanƙarau ciwon rani ne. Yakan taso da hunturu, ya yi ƙamari da bazara, ya lafa da saukar ruwan sama. Watau ke nan lokacin da cutar ta fi ƙarfi shi ne daidai lokacin da gida ya fi rauni: maigida ba ya nan, rumbu ya fara yin ƙasa.

2. Yanayin cutar

Sanƙarau kumburi ne na fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya. Irin da ke haddasa annoba a ƙasashenmu, ƙwayar cuta ce da ake kira maningokok ke kawo shi. Ƙwayar tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta sa musu ciwo ba, kuma ta tari da atishawa da kusantar juna take yaɗuwa. Masana suna ganin bushewar iska da ƙurar hunturu suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, har ƙwayar ta sami hanyar shiga jini. Tun 1963 likitan Faransa Lapeyssonnie ya bayyana zirin ƙasashen da cutar ke yawan komowa, wanda a yau ake lissafa ƙasashe 26 a cikinsa, daga Senegal zuwa Habasha. Kudancin Nijar yana tsakiyarsa.

Daga kamuwa zuwa bayyanar alamu akan yi kwana 2 zuwa 10. Alamun su ne zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai, da amai, da sanƙarewar wuya, wadda daga gare ta sunan cutar ya samo asali, wani lokaci da jijjiga ko suma. A jariri kuwa wuya ba lalle ya sanƙare ba. Sai dai ya ƙi nono, ya yi ta kuka ko ya yi laushi, maɗigarsa ta kumbura. In ba a yi magani ba, cutar tana iya kashe rabin waɗanda ta kama, sau da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu. In an yi magani da wuri, adadin yakan sauko zuwa kimanin 1 cikin 10 ko ƙasa da haka.

3. Tarihi a taƙaice

Tsakanin 1995 da 1996 an ƙidaya fiye da mutum 40,000 da suka kamu a Nijar, kuma a 1996 da 1997 cutar ta kama sama da mutum 250,000 a Afirka, ta kashe kimanin 25,000. Nau'in ƙwayar da ake kira A ne ya yi wannan ɓarna. A ƙarshen 2010 aka soma babban gangamin allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, don masu shekara 1 zuwa 29, kuma daga nan annobar nau'in A ta kusan ɓacewa. Sai dai allurar ba ta tsare mutum daga sauran nau'o'i. A 2015 nau'in C ya kama fiye da mutum 8,500 a Nijar, ya kashe sama da 500, musamman a Yamai da Dosso.

Wannan nau'i na C shi ne ya bayyana a jihar Zinder a ƙarshen 2022. Bisa ga sanarwar Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023 an sami mutum 559 a jihar, 18 suka rasu. Dungas ce kan gaba da 342, Matameye na biye da 98, waɗanda 3 daga cikinsu suka rasu. Fiye da kashi 90 cikin 100 na majinyatan ba su kai shekara 20 ba, kuma ƴan shekara 10 zuwa 14 ne suka fi yawa. A daidai wannan lokaci cutar tana ci a jihar Jigawa, ƙetaren iyaka. A 2024 Najeriya, sa'an nan Nijar, suka soma amfani da sabuwar allurar da ta haɗa nau'i biyar, A da C da W da X da Y.

4. Abin da ke faruwa a cikin gida

4.1 Gane ciwo

Zazzaɓi da ciwon kai abu ne na yau da kullum, don haka akan fara da ƙwayar mai tebur ko jiƙo. In jijjiga ta zo, akan danganta ta da iska, a nemi rubutu ko hayaƙi. Kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin jahilci kawai: iyali suna fara wa ne da abin da ke kusa, mai araha, wanda suka sani. Wayar da kai da ta tsaya kan kushe malami da boka ba ta cika yin nasara ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a jawo su ciki, a yarda da su kan magana ɗaya: da rani, yaro mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya ko jijjiga a kai shi likita nan take, addu'a ta biyo shi a hanya.

4.2 Izini

Sau da yawa uwa ce ke fara lura da ciwo, amma ba ita ke da ikon fitar da yaro daga gari ba. In maigida yana cin rani, sai a jira wansa, ko uwarsa, ko a neme shi ta waya. Jiran da ba ya da illa ga mura, ga sanƙarau yana iya zama ajali. Maganin wannan ba ya buƙatar kuɗi: kafin maigida ya tafi, ya bar izini a fili gaban danginsa, ya kuma ambaci wanda zai raka. Limamai da masu gari suna iya mai da wannan al'ada, kamar yadda barin abinci ga iyali ya zama al'ada.

4.3 Kuɗi

Tun 2006 dokar Nijar ta tanadi magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5. Amma kamar yadda muka gani a sama, waɗanda suka fi kamuwa a 2022 da 2023 sun wuce wannan shekaru. Ko a inda aka ba da allurar magani kyauta saboda annoba, akwai kuɗin babur ko amalanke, da abincin mai jinya na kwanakin da za a yi ana allura, da sana'ar da uwa ta ajiye. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso a annobar 2006 zuwa 2007 ya nuna cewa gida kan kashe kimanin dalar Amurka 90 kan majinyaci guda, alhali magani kyauta ne a hukumance. Gidan da ya san akuya ko tiyar hatsi zai sayar, dole ya yi jinkiri yana fatan sauƙi. A nan ne adashen mata da asusun unguwa za su yi amfani, in an ware wani kaso don jigilar marar lafiya. Haka kuma uwa ba ta iya kwana biyar a likita sai in akwai mai riƙe mata sauran yaran.

4.4 Yarda

Tsoron allura a wannan yanki yana da tarihi. A annobar 1995 an yi wa fiye da mutum 50,000 a Nijar allurar jabu da ta shigo cikin wata gudummawa daga Najeriya. A 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, wanda yara kimanin 200 suka shiga, 11 suka rasu, aka kuma yi doguwar shari'a kan ko an nemi yardar iyayensu. A 2003 aka dakatar da allurar shan inna a Kano. Labarin da ya tashi a Kano kuwa ba ya daɗewa bai iso kasuwannin Kance ba. Uban da ya yi tambaya kafin a yi wa ɗansa allura ya cancanci amsa: daga ina take, wane nau'i take tsarewa, me ya sa wadda aka yi a baya ba ta isa ba.

4.5 Gida ba ya tsayawa shi kaɗai

A 2017 an yi wani gwaji a gundumar Madarunfa, jihar Maradi. A wasu ƙauyuka an ba ƴan gidan majinyaci kaɗai ƙwayar siprofuloksasin, a wasu kuma an ba dukan mutanen ƙauye. Ba wa ƴan gida kaɗai bai rage yaɗuwar cutar ba, amma ba wa ƙauye duka ya rage ta da kimanin kashi 60 cikin 100. Wanda ya san ƙauyen Hausa ba zai yi mamaki ba: yara suna cuɗanya a dandali da makarantar allo da bakin rijiya, samari suna kwana ɗaki ɗaya. Saboda haka in mun ce iyali, muna nufin gida tare da maƙwabtansa.

5. Darasin korona da mashaƙo

An sami mutum na farko mai korona a Nijar ranar 19 ga Maris 2020, aka rufe makarantu da iyakoki, makarantun kuma ba su buɗe ba sai farkon Yuni. Waɗanda suka rasu a ƙididdigar hukuma sun ɗan haura 300 a ƙasar duka, kuma yara kaɗan ne a cikinsu. Amma ga gidan da ke ci daga abin da ɗan cin rani ya aiko, rufe hanya rufe tukunya ne. Bugu da ƙari, a wannan shekara an dakatar da gangamin rigakafi na wani lokaci a ƙasashe da yawa. A watan Yuli na 2023 mashaƙo ya bayyana a gundumar Matameye, lokacin da yake ci a Kano, alhali cuta ce da allurar jarirai ta yau da kullum ke tsarewa. Abin lura shi ne, matakin da aka ɗauka don annoba ɗaya, in ya katse abinci da awon yara, yana iya share wa wata hanya.

6. Kammalawa

Aiki ba ya ƙarewa ranar da aka sallami yaro. Kimanin 1 cikin 5 na waɗanda suka tsira daga sanƙarau sukan fita da wata illa, kamar kurunta, ko farfaɗiya, ko wahalar koyo. Yaron da ya koma aji ba ya ji sosai akan ɗauke shi marar hankali, har ya bar karatu. Ya kamata a auna jinsa bayan sallama, a kuma sanar da malaminsa.

Daga abin da ya gabata muna iya cewa shirin annoba a ƙasar Matameye ya kamata ya fara tun kaka, kafin ƴan cin rani su tashi: a koya wa uwaye da kakanni alamu, a bar izini, a ware kuɗin jigila, a cika allurar jarirai. Ga masu bincike a sassan harshe da zamantakewa kuma akwai aikin da ke jira: tattara kalmomin da iyaye ke amfani da su wajen bayyana ciwon yaro a ƙauyukan Kance, da auna sa'o'in da ke wucewa tsakanin alamar farko da ƙofar likita, da gano a wane mataki aka fi yin jinkiri. Sai an san inda lokaci ke zubewa za a san inda ya kamata a kai tallafi.